NDA, SSC ko DSSC: wace ƙofa ce ta dace da ɗalibin jami'a mai son zama hafsan soja?

Ɗalibin da ya riga ya shiga jami'a a Najeriya, zuciyarsa kuma na kan kaki, ƙofa uku ce a gabansa idan hafsa yake son zama. Akwai kwas ɗin shekara biyar na makarantar horar da hafsoshi ta NDA da ke Kaduna, akwai SSC (Short Service Commission, aikin hafsa na wa'adi a fagen daga), akwai DSSC (Direct Short Service Commission, irinsa na masu sana'a). Biyun ƙarshe sai mai digiri ko HND. Kuɗin da kowacce ke ci daban, shekarun haihuwar da take karɓa daban, haka ma inda take kai mutum bayan shekara ashirin yana aiki.

A fara da NDA, don ita kaɗai ce a cikin ukun za a iya kira tallafin karatu na gaske. An kafa ta a 1964, ta fara ba da digiri a 1985, babban mazauninta yanzu yana Afaka, ta wajen hanyar filin jirgin saman Kaduna, tsohon kuma yana barikin Ribadu a cikin gari. Wanda aka ɗauka ba ya biyan kuɗin makaranta. Abinci, masauki, kaki, takalma da magani duk na gwamnati ne, ga ɗan alawus duk wata. Shekara huɗu ana haɗa karatun digiri da horon soja, ta biyar kuma horo ne zalla. Ana karanta injiniyanci, kimiyya, lissafin kuɗi, tattalin arziki, tarihi da nazarin yaƙi, har da Larabci da Faransanci. A ƙarshe mutum ya fito da digiri da anini ɗaya a kafaɗa, albashi na jiransa, ba ruwansa da bautar ƙasa ko yawon neman aiki. Yajin aikin ASUU, irin na 2022 da ya ci wata takwas, ba ya taɓa makarantar. Ta fuskar aljihun iyaye, babu wata hukumar tallafin karatu ta jiha ko ta tarayya da ta kama ƙafar wannan.

Tsadarta a wani wurin take. NDA ba ta ɗaukar mutum daga aji biyu ko uku, kuma ba ta lissafa abin da ka karanta a wata jami'a. Ko kana aji uku a ABU ko BUK, sai ka sake rubuta JAMB, ka sa NDA a zaɓin farko, ka cike fom ɗin makarantar daban, ka fara daga ƙasa tare da yaran da suka gama sakandare bara. Su kuma 'yan ajin da ke gabanka, ko ka girme su, manyanka ne, kuma za ka ji hakan a jikinka tun makon farko. Sai ƙa'idar shekaru: sanarwar shekaru da dama ta tsaya a kan 17 zuwa 21, ana kuma ƙirga ta ne da wata rana takamaimai a shekarar shiga. A duba sanarwar bana a ga ranar da adadin, domin wanda ya zarce da sati biyu ya zarce ke nan. Ana neman kiredit biyar da suka haɗa da Turanci da lissafi, a zama ɗaya ko biyu. Tsawo mita 1.68 ga namiji, 1.65 ga mace a sanarwowin baya-bayan nan. Dole mutum ya kasance ba shi da aure, babu kuma ɗan da nauyinsa ke kansa, haka zai zauna har ya gama. Mata sun fara shiga wannan kwas a 2011.

Bayan JAMB akwai jarrabawar makarantar, wanda ya haye ta sai a kira shi Kaduna gaban kwamitin tantancewa na rundunonin soja, inda ake duba takardu, a gwada lafiya, a yi gudu da motsa jiki, sannan a yi ganawa baki da baki. Guraben jiha-jiha ake raba su, don haka abokan gasarka 'yan jiharku ne. Wannan ya sa makin da ya ba wani gurbi a wata jiha bai isa ya sa sunan wani ko a jerin 'yan jiran tsammani a wata jihar ba.

Shiga ma ba gamawa ba ce. Ana mayar da ɗalibi baya aji guda idan ya faɗi jarrabawa ko ya yi rauni mai tsawo, ana kuma kora saboda rashin ɗa'a, satar jarrabawa, fita ba izini ko faɗuwa a kai a kai. Wanda aka sallama a aji huɗu ya tashi a tutar babu: ba digiri, ba anini, ga gurbin jami'ar da ya bari ya tafi. Saboda haka ɗalibin da ya samu gurbi a NDA, ya fara neman jami'arsa ta dakatar masa da karatu na shekara guda a rubuce, idan dokarta ta yarda, kafin ya tattara kayansa. Watannin farko ne suka fi zubar da mutane. Karatun kuma wani iri ne: an tashe ka tun kafin asuba, an yi gudu, an yi fareti, sannan ka zauna a aji ana koyar da lissafin injiniya. Wanda burinsa ya zama gwani a fagen ilmi, jami'ar farar hula ta fi ba shi sarari. NDA soja take ƙerawa, digirin rakiya yake yi.

To me ake saye da wannan wahala? Tsani mafi tsawo a aikin soja. Hafsan da ya fito ta wannan kwas shi ne ake shiryawa don jagorantar bataliya, birged da runduna. Dubi waɗanda suka riƙe rundunar sojan ƙasa a 'yan shekarun nan: Tukur Buratai ɗan kwas na 29 ne, Ibrahim Attahiru na 35, Faruk Yahaya na 37, Taoreed Lagbaja na 39. A soja lambar kwas ɗinka tana bin ka har ritaya, da ita ake sanin wa ke gaba da wa.

SSC ita ce ƙofar mai digirin da yake son fagen daga. Rundunar sojan ƙasa ce ke buɗe ta, horon kusan wata tara ne a NDA, ana fitowa da anini ɗaya kamar ɗan kwas ɗin shekara biyar, a tura mutum rundunar ƙasa, ta igwa ko ta motocin sulke. Ba a cika damuwa da fannin da ka karanta ba, in dai sakamakon bai gaza 2:2 ba, ko Lower Credit ga mai HND, kuma kana riƙe da takardar kammala bautar ƙasa ko ta yafewa. Matsalarta ƙuncin shekaru. Sanarwowin da suka gabata sun sa 23 zuwa 27. Yi lissafi: ka shiga jami'a kana 19, digirin shekara huɗu ya zama biyar saboda yajin aiki, ka jira kiran bautar ƙasa wata shida, ka yi ta shekara guda. Kana 25 da rabi ke nan kafin ka cancanci cike fom. Dama ɗaya ko biyu ta rage maka, kuma ba a yi maka alkawarin za a buɗe kwas ɗin kowace shekara ba. Wata taran nan ma ba sassauci ba ne, abin da wasu suka koya a hankali ne ake ɗura maka a gaggauce, jikin ɗan shekara 26 da ya saba da zaman aji kuwa yakan yi ƙorafi.

DSSC ta masu sana'a ce. Soja na buƙatar likita, nas, mai haɗa magani, injiniya, lauya, akanta, malamin makaranta, jami'in hulɗa da jama'a, masanin kwamfuta, har da limami da fasto, don haka yake ɗaukarsu da ilminsu ya koya musu zama soja cikin kusan wata shida. Rundunoni ukun duka suna yin ta. Sojan ƙasa sun yi horon nasu a NDA da kuma makarantar sojan ƙasa ta Jaji, na ruwa a kwalejinsu ta Onne a jihar Ribas, na sama a sansaninsu na Kaduna. A sojan ƙasa ana fitowa da anini biyu, wato mataki ɗaya gaba da ɗan NDA a ranar farko, ƙwararren likita ma yakan fara daga sama da haka. Iyakar shekarun ta fi faɗi, takan kai 30 ko ɗan sama, likitoci kuma a ƙara musu. Sai dai sojan ruwa da na sama sun sha neman 2:1 ko Upper Credit, saboda haka ɗalibin da ya yi sakaci da makinsa a aji biyu ya rufe wa kansa ƙofa biyu bai sani ba. Takardar ƙungiyar sana'a ma ana tambaya: rijistar majalisar likitoci ko ta nas-nas, shaidar zama lauya, da makamantansu.

Aninin nan biyu kada ya ruɗi kowa. Sunan kwas ɗin kansa ya faɗi gaskiya, aikin na wa'adi ne. A sanarwar sojan ƙasa wa'adin shekara 15 ne, takwas na farko a dunƙule, sauran bakwai ana sabuntawa shekara-shekara. Mai son zama har ritaya sai ya nemi a mayar da shi hafsan dindindin bayan 'yan shekaru, wannan kuwa sai da jarrabawa, da rahoton shugabanni, da samuwar gurbi. Ko an mayar, a sashensa zai yi ta hawa. Likita na iya kaiwa shugabancin sashen lafiya, lauya na sashen shari'a, amma ba a ba su runduna su ja. Ga wanda yake son sana'arsa kuma yake son kaki, wannan ciniki ne mai kyau. Wanda kuma ya shiga da mafarkin zama babban hafsan soja, zai daɗe yana cizon yatsa. Kuma kada a ɗauka DSSC mafaka ce daga fagen fama, likitoci da injiniyoyi suna zuwa Borno da Zamfara kamar kowa.

SSC da DSSC ba sa biyan ko kwabo na karatun jami'arka. A nan ne tsarin Najeriya ya yi rauni. A Amurka akwai ROTC, inda ɗalibi ke zaune a jami'ar farar hula, soja na biya masa kuɗin makaranta, ana ba shi dala 420 a wata da 1,200 a shekara na littattafai, ya fito hafsa ranar da ya karɓi digiri, ya biya da shekarun aiki. Tallafin na 'yan ƙasar ne kawai, don haka duk mai tallata maka shi a Facebook ko WhatsApp yana neman kuɗin fom, ɗan damfara ne. A gida sai dai ka haɗa da abin da ke akwai: hukumar tallafin karatu ta jiharku, ta tarayya, PTDF ga masu fannonin da suka shafi man fetur, ko bashin karatu na NELFUND da aka fara a 2024, wanda ba shi da kuɗin ruwa kuma ba a fara biya sai shekara biyu bayan bautar ƙasa. Babu ɗayansu da ke hana ka shiga soja daga baya, bashin dai zai bi albashinka.

Akwai ruɗanin da ya kamata a kawar. Jami'ar sojan ƙasa ta Biu da aka kafa a 2018, da AFIT, makarantar fasaha ta sojan sama a Kaduna, da sashen karatun gaba da digiri na NDA, duk suna ɗaukar farar hula, ana biyan kuɗi, kuma ba sa ba da anini. Wanda ya gama can sai ya bi layin SSC ko DSSC kamar ɗan kowace jami'a.

Abin da ya fi kayar da mutane a ƙofofin uku ba jarrabawa ba ce, takardu ne da gwajin lafiya. Ranar haihuwar da ke NIN ta saɓa da ta WAEC, ko sunan mahaifi ya zo Muhammad a nan, Mohammed a can, ko an rage shekaru a takardar rantsuwar kotu alhali takardar firamare na nuna wani abu dabam. Gyaran irin wannan yakan ci watanni, don haka a fara shi shekara guda kafin a buɗe fom. A ɓangaren lafiya kuwa ana duba hawan jini, ciwon hanta nau'in B, sikila, ƙarfin gani da rarrabe launi, ƙaba, gwaiwa, basir, gwame, shimfiɗaɗɗen tafin ƙafa, zanen tatu, da alamar ƙwaya a fitsari. Ciwon hanta ya fi ba da mamaki, domin mutum na iya ɗauke da shi shekaru yana buga ƙwallo lafiya lau. Kafin ka ajiye karatunka ko ka kashe kuɗin mota zuwa Kaduna, je babban asibiti a yi maka waɗannan gwaje-gwaje. Wasu, kamar ƙaba, ana yin aikinsu su warke idan da lokaci. Wasu kuwa ba su da gyara, gara ka sani tun kana aji ɗaya. Fom ɗin SSC da DSSC na sojan ƙasa kyauta ne a shafin rundunar, kuma duk wanda ya ce yana da gurbin wani janar na sayarwa, kuɗinka yake so.

Hukuncin dai shekarunka da ajinka ne ke yanke shi. Ɗan aji ɗaya mai shekara 18 ko 19, lafiyayye, wanda aikin soja ne burinsa na farko, ya nemi NDA yana ci gaba da zuwa lacca, kada ya bar jami'a sai ya ga sunansa a jerin ƙarshe. Asarar shekara ɗaya ba komai ba ce a kan abin da zai samu. Ɗan aji biyu yana kan iyaka, sai ya duba ko shekarunsa za su ba shi dama fiye da ɗaya. Daga aji uku zuwa sama, komawa baya ba ta da riba: a ƙarasa digirin, a yi ƙoƙarin fita da 2:1, a tafi bautar ƙasa da rukunin farko da ya samu, a riƙa gudun kilomita uku zuwa biyar sau uku a mako tun yanzu. Mai karatun likitanci, injiniyanci ko shari'a ya nufi DSSC, mai tarihi ko kimiyyar siyasa da ke son riƙe bindiga ya sa ido kan SSC, ya ajiye takardunsa a shirye, domin fom ɗin makonni kaɗan yake yi a buɗe.