Na sauya Celeron da Core 2 Duo: saurin ya burge ni, aikin mai gyara ya ɓata min rai

Maganar gaskiya, furosesar Core 2 Duo E8400, wato ɓangaren da ke sarrafa duk aikin kwamfuta, ta biya kuɗinta. Kwamfutar tebur ɗin shagona 'yar Kwatano ce, irin waɗanda ofisoshin Turai suka gama da su, kuma da furosesar Celeron 430 ta zo, mai ƙwaƙwalwa ɗaya, gudun 1.8GHz. Da ita nake buga takardun ɗalibai, katin biki da fom. In firinta tana aiki, to sai dai ka naɗe hannu, domin ko CorelDraw ka taɓa sai linzami ya ƙame. Kwastoma yana tsaye a kanka yana duba agogo, kai kana kallon allo.

Da na ga bod ɗin, wato babban faifan da ake ɗora furosesa a kai, LGA775 ne mai G31, na san zai ɗauki E8400. Ƙwaƙwalwa biyu, gudun 3.0GHz, ma'ajiyar cikinta ta bayanan gaggawa 6MB, alhali ta Celeron 512KB ce kacal. Tun 2008 Intel ta fitar da ita, shi ya sa yanzu kuɗinta bai kai na cajar waya mai kyau ba.

To ga inda raina ya ɓaci. Na kai wa wani mai gyara a kasuwar kwamfuta, ya ce, "Alhaji, kawo, wannan ai aikin minti goma ne." Ya sabunta BIOS, wato manhajar da ke tayar da bod, ya cire tsohuwar furosesar, ya ɗora sabuwar, ya kunna, ta tashi, ya karɓi kuɗinsa har da na man sanyaya, wanda ake shafa wa furosesa don zafinta ya riƙa fita. Na dawo shago ina murna. Rana na yin tsaka sai fanka ta fara ruri kamar injin markaɗe, aiki ya koma tafiyar hawainiya, can sai ɗif, ta mutu. Ina tsakiyar aikin kundin wata ɗaliba ne, shafukan da ban adana ba suka tafi. Na kira shi, ya ce wutar janareta ce. Na sake kira, ya ce zafin gari ne, in sa mata fanka ta tsaye. Wai ni zai gaya wa zafin gari, ni da kwamfutar nan ta shekara tana aiki a ɗakin nan ba ta taɓa mutuwa ba.

Wani ƙanina da ya san harkar ya zo ya buɗe. Da ya ɗaga ƙarfen sanyaya da ke zaune a kan furosesar, wallahi babu ko ɗigon sabon mai. Tsohon ne ya bushe ya farfashe, yana zuba gari-gari in ka goga da yatsa. Ƙafa ɗaya cikin ƙafafu huɗun da ke riƙe fankar ma ba ta shiga raminta ba, ƙarfen a karkace yake zaune. Ya ce min, "Yaya, Celeron ɗin wat 35 take ci, wannan 65, kusan ninki. Abin da waccan ta jure, wannan ba za ta jure ba." Furosesar da kanta take rage gudu in ta yi zafi, in abin ya wuce misali ta kashe kwamfutar don kada ta ƙone. Ya goge, ya ɗiga sabon mai kaɗan a tsakiya, ya danna ƙafafun har kowace ta yi ƙas. Tun daga ranar shiru kake ji.

Yanzu kam ina ganin amfanin ƙwaƙwalwa biyun. Firinta na fitar da takardu, ni ina gyaran kati, sikana na ɗaukar hoto, babu mai jiran wani. In ka buɗe Task Manager, inda Windows ke nuna aikin da kwamfuta ke yi, za ka ga layi biyu suna raba aikin. Bidiyon YouTube da da yake tsinkewa yanzu yana tafiya sumul.

Sai dai kada wani ya ce maka kwamfutar za ta zama sabuwa. Tashinta da safe bai sauya sosai ba, don tsohon had disk ne ke jan ƙafa. RAM ɗina, wato ma'ajiyar aikin da ake kan yi, DDR2 ne 2GB, kana buɗe shafuka da yawa a Chrome ta fara nishi. Windows 11 ba ta karɓar wannan furosesa a hukumance, ita kuma Windows 10 Microsoft ta daina tallafa mata a Oktoban 2025. Dole in ƙara RAM in sa SSD, wato ma'ajiyar da ta fi had disk sauri, wani kuɗin ke nan da mai gyaran bai ko ambata ba lokacin da yake zuga ni.

Shi ne ma abin da ke ƙara ƙona min rai. Man nan ba wani kuɗi ba ne, kuma na biya. Na koma na nuna masa hoton busasshen man a waya, ya ce yaron shagonsa ne ya yi aikin, alhali a gabana ya ɗaura da hannunsa. Ɗalibar nan sai da na sake buga mata shafukanta kyauta har dare. Furosesar ina ba kowa shawarar ya saya in bod ɗinsa zai ɗauka, amma ka tsaya a kan mai gyara ka ga man da idonka kafin ya rufe. Kuɗin man nawa har yau bai mayar min ba.