Yaya, kada a shafe soron Baba da siminti

Yaya, ina gaisuwa da fatan kuna lafiya. A gaida Inna da yara. Saƙonka ya iso, na ji kuna shawarar shafe bangon soron Baba da siminti kafin damina. Don Allah a dakata, ka ji abin da idona ya gani a nan Faransa.

Shekara biyu ke nan ina leburanci wajen wani magini a jihar Isère, gabas da birnin Liyon. Ban taɓa zaton zan tarar da ginin ƙasa a Turai ba, sai ga ƙauyuka cike da shi, wasu gidajen sun haura shekara 200. Nasu salon suna ce masa pisé. Ba sa kwaɓa ƙasa su tattake ta da ciyawa su mulmula tubali kamar yadda maginanmu na Birni suke yi a Damagaram. Ƙasar mai ɗan danshi ce kawai, da tsakuwarta da duwatsunta. A zuba tsakanin allunan katako biyu, a daddaɓe da injin daɓe, a ƙara wata a bisa, har bango ya tashi da kaurin rabin mita. Ranar farko da muka cire katako na ƙwanƙwasa bangon da hannu, sai ka ce dutse.

Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne kasuwa. Ƙasar yaɓe a buhu ake sayar da ita, kilo 25, an tankaɗe, an haɗa da yashi da yankakkiyar ciyawa, akwai ja, akwai fara, akwai ruwan ɗorawa. Kuɗinta ya fi na buhun siminti. Mu kuwa jaki muke korawa kududdufi mu ɗebo, amma wanda ya samu kuɗi sai ya rushe ya sa bulo da kwano, ya kwana yana gumi a watan Afrilu. Har cibiyar bincike suke da ita a Grenoble, CRAterre, tun 1979, kuma a Villefontaine akwai unguwar gidaje 65 na ƙasa da aka gina a 1985, mutane na ciki har yau.

Sun fi mu wajen gwaji. Maigidana ba ya taɓa ƙasa sai ya sa ta a kwalba da ruwa ya girgiza ya ajiye. Tsakuwa da yashi su fara kwanciya, laka ta biyo, yumɓu ya zauna a sama. In yumɓu ya yi yawa bango zai tsage, in ya yi kaɗan zai zube. Tsohon magininmu da tafin hannu da hanci yake gane wannan, sai dai yaransa duk sun koma bulo. Mu kuma mun fi su araha da ado: ladan ma'aikaci a nan ya sa ginin ƙasa ya zama na masu hali, kuma ban ga mai zanen bango irin namu ba, balle makuba.

Yanzu maganar siminti. Rabin aikinmu a nan ɓamɓare shi ne daga tsofaffin bangaye. Siminti yana hana ƙasa numfashi, danshi ya taso daga gindi ya rasa mafita. Makon jiya mun ɓare wani, ƙasar da ke ciki ta jiƙe sharkaf, ina sa yatsa yana nutsewa, alhali daga waje bangon sumul yake. Na tuna soron Baba, gabana ya faɗi.

Kuɗin da na aiko, a nemo magini na gaske ya yi yaɓe da jar ƙasa da makuba, a gyara indararo ya riƙa zubar da ruwa nesa da gindin bango, a duba azarar da ke gefen gabas. In bai isa ba ka kira ni ranar Lahadi, ba na aiki.