Na'urar Sauraron Littafi Mai Tsarki Mai Cajin Rana: Yadda Ta Yi Mana Aiki a Ƙauye

Na'urar ba ta fi ƙaramar rediyo girma ba, tana da farantin sola a bayanta, da lasifika a gaba, da 'yan maɓallai na zaɓen littafi da sura. Dattawan ikilisiyarmu, da ke wani ƙauye a ƙaramar hukumar Rogo, su ne suka sayo ta daga wani shagon littattafan Kirista a Sabon Gari cikin Kano, kuma kuɗinta bai kai na wayar hannu mai shafawa ba. Abin da ke cikinta shi ne Sabon Alkawari da Hausa, daga Matiyu har Wahayin Yahaya.

Dalilin sayenta ba ɓoyayye ba ne. Tun da labarin satar shanu da garkuwa da mutane ya yi yawa a ƙauyukan da ke iyaka da Katsina da Kaduna, musamman bayan hare-haren da aka kai a Shanono da Tsanyawa a 2025, mutane suka rage fitowa addu'ar dare, domin ƙarar babur kaɗai bayan magariba takan sa a hure fitila a ja yara ɗaka. An fara buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa tun 1932, aka sake fassara shi a 1979, amma yawancin iyayenmu mata da tsofaffin manoma ba su yi karatun boko ba, don haka littafin yana cikin akwati, su kuwa suna kwana da fargaba ba mai karanta musu.

Ta fuskar aiki, babu abin kushewa sosai. Idan aka shanya ta a kan rufin rumbu da hantsi, kafin la'asar ta cika, kuma cajin yakan ɗauki zaman dare ba tare da muryar ta shaƙe ba. Lokacin hazo ne take yin rauni, sai an riƙa goge ƙurar farantin, wani lokaci ma a kai ta shagon caji. Muryar tana fita tangaram, ta ishi tsakar gida mai ɗauke da iyalai da dama, amma ba ta kai ta cika majami'a ba. Hausar mai karatun tsaftatacciya ce, ba ya sauri, ko da yake rubutun maɓallan da Turanci yake, wanda hakan ya sa tsofaffin da aka saya dominsu sai sun jira jika ya latsa musu.

Inda na fi ganin amfaninta shi ne yadda ta mayar da mutane zama tare. Yanzu maƙwabta kan taru a gida ɗaya bayan tuwon dare, mata suna ɓarar gyaɗa a kan tabarma, a kunna sura guda, sannan mai bishara ya tsayar da ita a yi tambaya a yi addu'a. Sura ta huɗu ta Markus, inda Yesu, yana cikin jirgin ruwa, ya tsawata wa iska ya kuma tambayi almajiransa dalilin tsoronsu, ita ce aka fi nema. Wata tsohuwa da aka taɓa kore wa ɗanta shanu takan ce, "Malam, maimaita mana wurin jirgin nan," kuma a ganina abin da ke kwantar mata da hankali shi ne jin cewa almajiran ma sun firgita alhali Ubangiji yana tare da su cikin jirgin. Sai dai fasto ya yi gargaɗi da ya dace, ganin wasu sun so su riƙa kwana da ita a ƙarƙashin matashi kamar laya: dogaro ga Allah ake koya daga abin da take faɗa, ita kanta roba ce da batir.

Babban giɓinta shi ne rashin Tsohon Alkawari. Mutumin da tsoro ya hana barci yana bukatar Zabura 27 da 46 da 91, da alkawarin Ishaya 41:10, kuma babu ko ɗaya a ciki. Haka nan babu Nehemiya 4, inda masu ginin garun Urushalima suka yi addu'a suka kuma sa masu tsaro dare da rana, nassin da ya fi dacewa da samarinmu da ke sintiri tare da maƙwabtanmu Musulmi, tun da ɓarawon shanu ba ya tambayar addinin mai garke. Duk ikilisiyar da za ta saya, ina ba ta shawara ta nemi mai ɗauke da Littafi Mai Tsarki gaba ɗaya ko da ta fi tsada, ta kuma sa mai shago ya kunna mata Zabura a gabanta kafin ta biya kuɗi.