Wutar ƙaiƙayi da wutar kara: shekarata ɗaya da manhajar aron littattafan soyayya

Watan jiya saƙo ya shigo mini cewa na cika shekara da yin rajista a manhajar karatun nan da ake biya wata-wata. Na buɗe jerin abin da na aro na ƙirga, littattafai 83. Waɗanda na kai ƙarshensu 51 ne. Sauran 32 mayar da su na yi, wani a shafi na 30, wani bayan na ci rabinsa. Da farko kunya lissafin ya ba ni, kamar wadda aka kama tana almubazzaranci. Sai daga baya na gane cewa waɗannan 32 ɗin su ne ainihin abin da nake biya wa kuɗi.

Ba zan kama sunan manhajar ba, don ba talla aka ba ni ba, kuma akwai wuraren da zan taɓa ta. Tsarinta ba wuya: ki biya sau ɗaya a wata, ki ɗauki duk littafin da ke cikin rumbunsu. Akwai iyakar adadin da za ki riƙe lokaci guda, in kin cika sai kin mayar da ɗaya kafin a ba ki wani. Littafin ba naki ba ne, aro ne, ranar da kika daina biya ya koma gidansu. Ina cewa "ki" ne saboda mu mata muka fi yawa a wannan layin. Maza masu leƙe a ɓoye, ku ma da ku nake, mun san da zamanku.

Iri biyu nake karantawa, kuma duka da Turanci. Na farko shi ne wanda masu karatu suka raɗa wa suna "romantasy", wato soyayyar da aka dasa a duniyar almara: sarakunan aljanu masu siffar mutane da suka shekara ɗaruruwa ba su tsufa ba, dodanni masu fuka-fuki da aman wuta, masu shan jini, mazaje masu rikiɗa su zama kerkeci, masarautu biyu da ke yaƙi tun kafin a haifi jarumar. Na biyu shi ne abin da ni da ƙawata muke kira baƙar soyayya. A nan jarumin ba mutumin kirki ba ne, kuma marubuciyar ba ta ɓoye hakan. Ɗan mafiya ne, wato ɗan ƙungiyar manyan masu laifi, ko mai kisa don a biya shi, ko wanda ya sace yarinyar don ramuwar gayya a kan ubanta. Sau da yawa iri biyun kan haɗu a littafi ɗaya, kuma waɗannan ne suka fi hana ni barci.

Na shigo ne ta ƙofar da kowa ke shigowa yanzu. Tun wajen 2020 masu karatu a TikTok suka kafa nasu lungu da ake kira BookTok, suna ɗaga littafi a gaban kyamara suna kuka ko suna dafe ƙirji. Can na fara jin sunan Sarah J. Maas, wadda ta fara jerin littattafanta na fadar aljanu a 2015, da Rebecca Yarros wadda littafinta na makarantar mahaya dodanni ya fito a 2023 ya tashi kan duniya. Irin waɗannan manyan sunaye saya na yi daban. Abin da manhajar ta ba ni shi ne tulin da ke bayansu, dubban marubutan da ke buga kansu ba tare da kamfani ba, waɗanda ba za ki taɓa jin labarinsu ba sai kin shiga ciki.

Masu cewa wannan lalacewar zamani ce suna ba ni dariya. Labarin yarinyar da aka tsare a fadar dodo har ta ga mutum a cikinsa, wata Bafaransa mai suna Gabrielle-Suzanne de Villeneuve ta rubuta shi tun 1740. Kafin ita Girkawa suna da tatsuniyar sarkin ƙarƙashin ƙasa da ya ɗauke 'yar allahiyar amfanin gona ya kai ta daularsa, kuma har gobe marubutan baƙar soyayya suna juya wannan labarin ta kowace fuska. A 1847 'yan gida ɗaya, Charlotte da Emily Brontë, kowacce ta fitar da littafi mai jarumi murtukakke, mai sirri, mai mugun hali. Abin da ya sauya kawai shi ne a da in an zo bakin ɗaki marubuci kan ja ƙofa ya bar ki a waje, yanzu kuwa a buɗe ake barinta.

To, maganar buɗaɗɗiyar ƙofa. Masu karatu suna auna zafin littafi da hoton barkono, daga ɗaya zuwa biyar. Ɗaya, riƙe hannu da kallon-kallo. Biyar, ki tabbata babu wanda ke tsaye a bayanki. Watannina uku na farko masu biyar nake farauta, ba zan yi ƙarya ba, ɗoki ne na sabon shiga. Sai na lura da wani abu da ya ba ni mamaki: na fara tsallake waɗannan shafukan. Littafin da tun babi na uku an gama komai, zuwa babi na ashirin an maimaita sau tara da kalmomi iri ɗaya, wutar kara ce. Ta tashi bal-bal, kafin ki miƙa hannu ki ji ɗumi ta zama toka. Ban san waɗannan mutane biyun ba tukuna, ban san abin da kowannensu zai rasa ba, to me ya dame ni da abin da suke yi?

Wanda ke kama ni shi ne wutar ƙaiƙayi, mai ci ta ƙasa-ƙasa ba hayaƙi. Akwai wani da na karanta, ba sanannen littafi ba, inda aka ɗaura wa jarumar aure da janar ɗin da ya ƙone garinsu, don a tsayar da yaƙi. Shafi kusan ɗari uku ba abin da ya shiga tsakaninsu sai baƙar magana. Tana kwana da wuƙa a ƙarƙashin matashi, shi kuma ya sani, kullum da safe sai ta tarar an wasa mata ita an mayar. Bai taɓa cewa uffan a kai ba. Ranar da ta ji rauni ya durƙusa ya ɗaure mata ƙafa, hannunsa na rawa, na ajiye wayar na tashi na zaga ɗaki. Ɗaurin ƙafa fa kawai. Da aka zo inda ake jira, barkono uku ne a ma'aunin mutane, amma ya fi duk masu biyar ɗin da na karanta ƙuna, domin marubuciyar ta sa na biya kuɗinsa da haƙuri.

Abin da ke sa a iya jure wannan jira, da ma duk baƙin cikin da ke hanya, shi ne alkawarin da wannan fanni ya ɗauka. Dokar littafin soyayya ce cewa masoyan za su ƙare tare, cikin farin ciki, ko na har abada ko aƙalla na yanzu. In babu wannan, masu karatu ba sa lissafa shi a fannin, kuma za su yi wa marubuciyar ca. Waɗanda ba sa karantawa suna ganin wannan a matsayin rauni, wai an san ƙarshe tun farko. Ni kuwa shi ne igiyar da nake riƙewa in shiga rijiya. Na san za a fito da ni. Tambayar ita ce ta yaya, bayan duk ɓarnar da mutumin nan ya yi.

A nan ne baƙar soyayya ke rabuwa gida biyu, kuma a nan littattafaina 32 suka fito. Akwai marubuciyar da ta san jaruminta azzalumi ne, ta bar zaluncin ya yi nauyi a labarin, ta bar jarumar ta yi fushi, ta rama, ta sa shi ya rasa wani abu mai tsada kafin ta dube shi. Akwai kuma wadda so ya hana ta ganin laifin halittarta: ya wulaƙanta yarinyar babi bayan babi, sai a shafin ƙarshe a ce ai uwarsa ce ta yar da shi yana yaro, shi ke nan an yafe. Na farkon ina karanta shi zuciyata na bugawa. Na biyun tashin zuciya yake sa ni. Matsalar ita ce daga bango da taƙaitaccen bayani ba za ki iya bambance su ba, duka alkawari ɗaya suke yi. Sai kin shiga kin ga yadda marubuciyar ke riƙe da jarumarta, ko mutum ce a wurinta ko kayan aiki.

Lokacin da nake sayen littafi ɗai-ɗai, in na faɗa hannun irin na biyun sai in daure in ƙarasa, don kuɗina sun riga sun fita. In gama raina a ɓace, in kwana da shi. Yanzu kuwa shafi 40 ya ishe ni hukunci. In danna "mayar", in ɗauki wani, ko a jikina. Ga mai karanta labaran da ke taɓa wurare masu ciwo, wannan 'yancin tashi a bar wuri ba ƙaramin abu ba ne. Ya ma sa na fi ƙarfin halin gwada abin da da ba zan kusanta ba, kuma uku daga cikin littattafan da na fi so a bana ta haka na same su.

Yawancin marubutan baƙar soyayya suna sa jerin gargaɗi a farkon littafi: akwai satar mutum, akwai duka, akwai tilastawa, akwai mutuwar yaro, da sauransu. Ki karanta shi, 'yar uwa, kada ki tsallake. Ni akwai abu biyu da in na gansu a jerin ba na ko buɗe babi na ɗaya, kuma ba wanda ke bi na bashin bayani. Abin haushi, wasu kan ce sai kin je shafinsu na intanet za ki ga jerin, wai don kada su ɓata wa mutane labari. Sau ɗaya na yi kasala ban je ba, na kuwa yi da-na-sani. Da manhajar ta tilasta a riƙa sa gargaɗin a gaba, da ta kyauta.

Ta fuskar aiki, abin da ya fi yi mini amfani shi ne ƙamus. Ki danna kalma ki riƙe, ma'anarta ta fito. Marubutan almara suna son tsofaffin kalmomin sarauta da na makamai da sassan fada, ga sunayen da suka ƙirƙira da kansu, waɗanda ƙamus ma sai ya ɗaga hannu. Ana sauke littafi a karanta ba intanet. Akwai baƙin shafi mai farin rubutu don dare. Akwai ɗan rubutu a ƙasa da ke cewa saura minti kaza ki gama babi, wanda shi ne babban maƙaryacin da na sani, domin ba a taɓa tsayawa a babi ɗaya. Wasu littattafan suna da sauti, kuma na fi son waɗanda namiji ke karanta maganar jarumi mace na karanta ta jaruma. Shawara ɗaya: abin kunne. Kada ki ce ban faɗa miki ba.

Inda ta gaza kuwa, wurin nema ne. Ba za ki iya ce mata "ba ni na ƙiyayyar da ta koma so, mai barkono uku, wanda jerinsa ya kammala" ba. Sai kin je waje kin tambayi masu karatu, kin dawo da suna. Abin da take ba ki da kanta kuma, in kin karanta na ɗan mafiya ɗaya, sai ta cika miki fuska da 'yan mafiya hamsin, kowanne ba riga. Kishiyar wannan ita ce sabuwar yayin bango mai zanen katun, ko furanni da takobi, wanda za ki rantse littafin yara ne alhali cikinsa barkono biyar ne. Ga babba wannan sutura ce, na gode. Amma in akwai yara masu ɗaukar wayarki, ki sa lambar sirri, domin bangon ba zai gargaɗe su ba.

Sai kumburi. A wannan tsarin ana biyan marubuci ne gwargwadon shafukan da aka karanta, ba adadin waɗanda suka ɗauki littafin ba. Ban ga laifin mai neman halalinsa ba, amma ana jin abin a jikin rubutu. Labarin da shafi 350 zai ishe shi sai a ja shi zuwa 600, jarumar ta yi ta nanata tunani ɗaya, a yi biki na uku a fada ba dalili. Ko a tsaga labari ɗaya gida uku, kowane kashi a yanke shi daidai inda wuƙa ke wuyan wani. Sau biyu na cinye littafi na ɗaya da na biyu, na je neman na uku na tarar ko dai ba a rubuta shi ba tukuna, ko an cire shi daga rumbun. Tun daga nan kan mage ya waye: kafin in fara jeri sai na duba ko ya kammala, kuma ko duka suna ciki.

Na sabunta rajistar. Wanda ke hannuna yanzu labarin wata mai haɗa guba ce da aka tura ta kashe yariman aljanu, shi kuma ya gane tun daren farko, ya naɗa ta mai ɗanɗana masa abin sha. Ina kashi 62 cikin ɗari, har yanzu ko hannunta bai riƙe ba, kuma jiya sai ƙarfe uku na dare na kashe fitila.