TestDisk: Manhajar Da Ta Buɗe Mini Estanal Ɗin Da Windows Ta Ce Sai An Yi Masa Fomat

Duk mai ajiye aikinsa a ma'adanar waje, wato estanal, ya kamata a ce yana da TestDisk, manhajar ceto fayiloli daga ma'adanar da ta ƙi buɗewa, a kwamfutarsa tun kafin buƙatarta ta taso. Kyauta ce, ba ta da nauyi, kuma ba a ma girka ta. Ka sauke ta a dunƙule, ka warware, ka buɗe, shi ke nan. Wani Bafaranshe mai suna Christophe Grenier ne ya rubuta ta, a shafinsa na CGSecurity ake samunta tare da 'yar'uwarta PhotoRec. Wadda na yi aiki da ita ita ce 7.2, wadda ta fito a 2024. Na yaba da ita ƙwarai, amma ba kowa zan miƙa wa ita in juya baya ba.

Sana'ata ɗaukar hoto da bidiyo ce a bukukuwa da walimar saukar Alƙur'ani. Aikin da ban gama tacewa ba yana zama a kan wani estanal mai terabait 1, irin ƙaramin nan da ke shan wutarsa ta kebul. Ana tsakiyar kwafe bidiyon wani kamu aka ɗauke wuta, kwamfutar shago ta mutu nan take. Da aka tada janareto na sake jona shi, sai kwamfuta ta yi ƙarar nan da take yi idan ta ga sabon abu, fitilarsa ta kama, harafin E ya fito. Amma layin nan mai launin shuɗi da ke nuna yawan abin da ke ciki babu shi. Ina dannawa sai ga saƙo: "You need to format the disk in drive E: before you can use it." Wato wai sai na yi masa fomat, a share shi a sake tsara shi, kafin in yi amfani da shi. A cikinsa kuwa akwai bikin 'yar wata Hajiya da aka riga aka biya ni kuɗinsa, ga hotunan ɗaliban wata Islamiyya da za a buga a kalanda.

Wannan saƙon shi ne ya fi cutar da mutane, domin madannin fomat ɗin yana nan a gabanka, kuma da alama shawara ce kwamfuta ke ba ka. Kada ka danna. Abin da take nufi kawai shi ne ta ga na'urar amma ta kasa karanta tsarin da aka jera fayiloli a kai. Kamar sito ne cike da kaya, takardar da ke nuna inda aka ajiye kowane buhu ce ta yage. Kayan suna nan.

Kafin a kai ga kowace manhaja akwai ƙananan abubuwa da ake dubawa, ni ma da su na fara. Na sauya kebul, domin bakin nan mai faɗi da ke shiga jikin estanal yana saurin saki. Na bar ramukan USB na gaba na koma na bayan kwamfuta. Wannan yana da dalili: tsohon ramin USB 2.0 miliyamfa 500 yake bayarwa, na 3.0 kuma 900, estanal mai faifai a ciki kuwa yana son wuta sosai lokacin da zai fara juyawa. Na kuma gwada shi a laftof. Duk amsa ɗaya. Sai na buɗe Disk Management, inda Windows ke nuna ma'adanan da ke jone, na gan shi da girmansa daidai, gigabait 931, amma a gurbin da ya saba nuna NTFS, wato tsarin da Windows ke jera fayiloli a kai, an rubuta RAW, ma'ana ba ta gane tsarin ba. Nan na san inda matsalar take.

Wannan dubawar tana da amfani, saboda ba kowane estanal da ya ƙi buɗewa ne ke buƙatar TestDisk ba. Wani estanal ɗin, harafi irin E ɗin nan ne kawai ba a ba shi ba, kana ba shi ya fito. Wani zai ce "Access is denied", wannan yawanci maganar izini ce, an kawo shi daga wata kwamfutar, sai ka karɓi mallakarsa a saitin tsaro. Wani a kwamfutar Apple aka tsara shi da APFS ko HFS+, Windows ba ta karanta su da kanta, lafiyarsa ƙalau. Wani kuma BitLocker, makullin sirri na Windows, ne ya kulle shi, kalmar sirri yake jira.

Wani mai gyara da na kira ya duba shi ya ce, "Maigida, wannan ai sai fomat. In ka yi sa'a daga baya mu ciro wasu." Na ce masa, "Malam, aikin mutane ne a ciki, ba zan yi caca da shi ba." Ya kawo shawarar a gwada chkdsk, manhajar Windows mai duba faifai ta gyara shi. Ko da an gwada ma, a kan abin da ya koma RAW ƙin aiki take yi, ta ce ba ta da hurumi a nan. Inda take yarda ta yi aiki kuma, rubutu take yi a kan faifan tana gyara, kuma wani lokaci gyaran nata shi ne ta tattara abin da ba ta gane ba ta zuba a wata folda mai suna found.000, da sunaye irin FILE0000.CHK. Ga wanda ba shi da kwafin aikinsa a wani wuri, wannan ba abin fara gwadawa ba ne.

Abu na gaba shi ne sanin ko jikin na'urar lafiya yake. Na ɗora tafin hannuna a kansa, na ji yana juyawa sumul, babu ƙas-ƙas, babu tsayawa da tashi. Na buɗe CrystalDiskInfo, ita ma kyauta ce, tana karanta rahoton lafiyar da kowane faifai ke ajiyewa game da kansa. Ta nuna shuɗi, wato lafiya, kuma layukan da suka fi muhimmanci, 05 da C5, masu ƙidaya gurabun da suka lalace da waɗanda ake zargi, duk babu komai. Sai a lokacin na buɗe TestDisk.

Ganin farko ba ya ƙarfafa gwiwa. Baƙin allo ne da farin rubutu, linzami ba ya aiki, sai kibiyoyin kibod da Enter. Ta tambayi ko a buɗe kundin da zai riƙa rubuta abin da ake yi, na ce a buɗe. Ta jero duk ma'adanan da ke jone, kuma a nan ake son nutsuwa, domin har da na cikin kwamfutar kanta a jerin. Da girma da suna ake gane wanda ake nema. Ta tambayi nau'in teburin rabon faifan, amma ta riga ta haska wanda ta gano, na bar shi yadda ta zaɓa. Na shiga Analyse, na yi Quick Search. Bai ba ni abin da zan iya buɗewa ba. Na wuce Deeper Search, wanda ke bin faifan daga farko har ƙarshe. Wannan kam sai haƙuri, sa'o'i yake ci a kan terabait guda ta kebul. A laftof na yi shi, batir cike, caja a jone, don kada abin da ya faru da farko ya maimaita kansa.

Da ya kammala sai ga layi ya fito da sunan da na raɗa wa estanal ɗin, a ƙasa kuma an rubuta "NTFS found using backup sector". Ma'anar wannan ita ce ainihin abin da ya sa nake ganin girman manhajar. Tsarin NTFS yana ajiye bayanin buɗe kansa a gurbin farko na yankin faifan da aka tsara da shi, sannan yana ɓoye kwafinsa a gurbin ƙarshe. Na farkon ne ya lalace, Windows ta tsaya a nan. TestDisk ta je can ƙarshe ta ɗauko kwafin ta karanta da shi. Na danna harafin P. Foldodina suka jeru a allon, kowace da sunanta da ranar da na buɗe ta: kamu, ɗaurin aure, wuni, walima, kalanda. Na shiga ta kamun na ga fayilolin bidiyo da girmansu. Na daɗe ina kallon jerin nan kafin in taɓa komai, sai hamdala nake yi.

A wannan matakin akwai zaɓin Write, wanda zai rubuta gyara a kan faifan. Ban taɓa shi ba, kuma shawarata ke nan ga kowa. Abin da na fi so game da TestDisk shi ne ba ta canza komai a kan abin da kake ceto sai ka umarce ta, kuma sai ta sake tambayarka ka tabbatar. Saboda haka kwashe kaya ake fara yi. Na jona wani estanal ɗin da ke da fili, na danna ƙaramin a ya zaɓi komai, na danna babban C, na nuna mata inda za ta zuba, na sake danna C. Kada a kuskura a zuba a kan wanda ake ceto, dole wani wuri daban, mai filin da zai ɗauki kayan. Tana kwafa tana ƙidaya waɗanda suka wuce da waɗanda suka gaza. Komai ya fito da sunansa, a cikin foldarsa, yadda na tsara shi. Bidiyon da ake kwafewa lokacin da wuta ta tafi ne kaɗai ya fito guntu, shi kuwa asalinsa yana kan katin kyamara.

Da yamma Hajiya ta kira tana tambayar aikinta. Na ce, "Hajiya, ki ƙara mini haƙuri zuwa jibi in sha Allahu, an ɗan samu tangarɗa amma komai yana nan." Ta ce, "To ɗan nan, Allah ya yi albarka, amarya ce ta dame ni." Da an yi fomat ɗin nan da safe, ban san bakin da zan yi mata magana da shi ba.

Sai da na buɗe fayiloli da dama a sabon wurin na tabbatar suna aiki, sannan na koma gyaran tsohon. A sashen Advanced na zaɓi yankin, na shiga Boot. Ta nuna a fili: na farko Bad, na ajiya OK. Na zaɓi Backup BS, wanda ke ɗora kwafin mai kyau a kan lalataccen, na tabbatar. Na cire estanal ɗin ta hanyar da ta dace, na mayar. Ya buɗe kamar ba abin da ya taɓa samunsa. Gyaran kansa bai kai minti guda ba.

Inda nake da ƙorafi shi ne manhajar ba ta yi wa baƙo bayani. Kalmomin da take amfani da su na masana ne, kuma bambancin ƙaramin c da babban C kaɗai ya isa ya rikita mutum: ɗaya fayil ɗin da kake kai yake kwafa, ɗayan kuma duk abin da ka zaɓa. Zaɓar wurin zubawa ma wahala ce, da kibiya ake hawa da sauka cikin foldodi, ana bin ɗigo biyu don komawa baya. Sannan Write da Rebuild BS suna zaune kusa da zaɓuɓɓukan da ba su da haɗari, babu wani jan rubutu da zai tsorata mai gaggawa. Wanda bai iya Turanci sosai ba, ko wanda hannunsa ke rawa saboda tashin hankali, gara ya nemi wanda zai zauna kusa da shi. A shafin manhajar akwai jagora mataki-mataki mai hotunan allo, ya kamata a karanta shi kafin a fara.

PhotoRec kuma na gwada ta daga baya a kan katin kyamarar wani yaron shagona da aka goge bisa kuskure. Hanyarta daban ce. Ba ruwanta da tsarin fayiloli, faifan take bi tana neman alamar da kowane irin fayil ke farawa da ita, kuma ta san ɗaruruwan nau'o'i. Hotuna sun dawo da kyau. Sai dai sunaye ba sa dawowa, foldodi ma haka. Za ka samu recup_dir.1, recup_dir.2 da sauransu, cike da fayiloli masu suna f da dogayen lambobi, har da ƙananan hotunan da ba ka san da su ba. Ga katin biki ɗaya wannan ba komai ba ne. Ga estanal mai aikin shekaru, tantancewar kaɗai aiki ce babba. Manyan bidiyo kuma, idan a warwatse aka rubuta su a faifan, sukan fito ba sa buɗewa. Don haka ita ce ta biyu, idan harafin P bai nuna komai ba. Tana da fuska mai linzami, QPhotoRec, wadda ta fi sauƙin sha'ani.

Akwai yanayin da ba zan bari kowa ya kunna ko ɗaya daga cikinsu ba. Idan estanal ya faɗi ƙasa, ko yana ƙas-ƙas, ko yana juyawa yana tsayawa, ko kwamfuta tana sandarewa da zarar an jona shi, to matsalar a jikinsa take. Allurar da ke karatu tana shawagi ne dab da faifan da ke juyawa sau 5,400 a minti, idan ta fara gogarsa, kowane ƙarin minti ƙarin asara ne, Deeper Search kuwa sa'o'i zai sa ta tana bin faifan. Irin wannan cire shi ake yi a kai wa masu ɗaki na musamman da ƙura ba ta shiga, kada a bari a kwance shi a kan teburin kasuwa. Idan kuma yana juyawa lafiya amma CrystalDiskInfo ta nuna ruwan ɗorawa, to a fara ɗaukar kwafin faifan gaba ɗaya zuwa wani da ya fi shi girma, da GNU ddrescue a Linux, wadda ke tsallake wuraren da suka lalace ta dawo musu daga baya. A kan wannan kwafin ne za a saki TestDisk, asalin kuma a ajiye shi gefe.