Gargaɗi kan mai sayar da katifar tafiya da ya cuce ni naira 92,500

Naira 92,500 na tura masa, kuma har yau idan na tuna muryarsa a saƙon da ya aiko mini ta WhatsApp sai kunya ta rufe ni. "Malam, amana ce tsakanina da kai, ni ba na cin haram." Da wannan maganar ya same ni. Naira 85,000 kuɗin katifa, 7,500 kuɗin ɗoro ta a mota daga Legas zuwa Birnin Kebbi.

Kada wani ya ɗauka garaje na yi. Aikina auna gonakin shinkafa ne a fadamar Argungu zuwa Augie, a ƙasa muke tafiya da jaka a baya, inda dare ya riske mu nan muke kwana, kuma duk wanda ya taɓa kwana a bakin Gulbin Rima cikin hunturu ya san ƙasa ce ke zuƙe ɗumin jikin mutum, domin bargon da ka danne da nauyinka ba ya tare komai. Shi ya sa na yi mako biyu ina bincike. Na san da lambar R ake auna ƙarfin katifa wajen tare sanyi, na san ta soso mai naɗewa tana kusan 2, mai hurawa wadda aka yi wa rufi a ciki tana kaiwa 4 ko fiye, kuma tun 2020 manyan kamfanoni da ma'auni ɗaya suke gwaji, wato ASTM F3340. Na tambaye shi, ya ce tasa 4.5 ce, nauyinta bai kai rabin kilo ba, har da hoton kwali ya turo. Mutumin da ya amsa haka babu inda-inda, ta ina zan zarge shi?

Abin da yaron mota ya miƙo mini a tasha roba ce irin wadda yara ke wasan ruwa da ita, babu kwali, babu wata lamba a jikinta, sai warin sabuwar leda. Na ɗora ta a sikelin wani mai shago, ta haura kilo ɗaya. Kafin nan ma sai da ya yi kwana goma sha ɗaya yana ce mini gobe, kuma tun ranar biya na lura sunan asusun bankin ba shi ne na shafinsa na Facebook ba. Na yi magana, ya ce na maiɗakinsa ne, ya sake cewa amana. Na yarda. A nan ne nake ta komawa, domin na gani da idona, amma na tura.

Duk da haka na tafi da ita aiki, tunda na riga na cika wa abokan tafiyata baki. Kafin asuba iskar ta tsiyaye, na farka ƙuguna a kan ƙasa mai raɓa, haƙorana suna kaɗawa, sai ƙaramin cikinmu ne ya matsa mini gefen tabarmarsa yana cewa, "Yallaɓai, dawo nan." Naira 92,500, na ƙare a tabarmar kaba.

Da na dawo na kira shi, ya toshe lambata, shafin kuma ya canja suna amma hotunan ba su canja ba. Rasit ɗin banki da hirarmu duk suna hannuna, zan sa hotunansu da zarar na rufe lambobina da ke jiki.

Idan sunan asusu ya saɓa da na mai kaya, kada ku tura. Ku ce sai kaya sun iso, ku hura katifar a tasha.