Fim ɗin ramuwar gayya na zamanin NEPU: mutanen Katsina sun fito, amma ina matan?

Wasu matasa ne 'yan nan Katsina suka shirya fim ɗin, mai dogon zango, kuma a shagon masu tura finafinai a waya na same shi. Na kalle shi har ƙarshe, kuma kuɗin turawa bai tafi a banza ba.

An gina labarin a 1959, ana gab da zaɓen tarayya na watan Disamba, lokacin da jam'iyyar NEPU ta Malam Aminu Kano da jam'iyyar NPC ta Sardauna ba sa ga maciji. 'Yan doka suka kama wani tela ɗan NEPU saboda ya yi lacca ba izini, alƙali ya ɗaure shi, ya cika a gidan yari. Ɗansa ya rantse sai ya rama a kan ɗan hakimin da ya kai ƙarar. Kayan zamanin sun yi ƙoƙari a kansu: fam da sule ake ciniki da su, dogarai cikin ja da kore, ga tauraro, alamar NEPU, da fartanya, alamar NPC, a jikin akwatunan zaɓe. Sauti ne ke ba da matsala, wani lokaci ƙarar babur na shigowa daga nesa.

Abin da ya fi taɓa ni shi ne Bamaguje. Yaron ya gudu kudu, wajen Malumfashi, da sara a kafaɗa, wani dattijo Bamaguje ya ɓoye shi cikin rumbu. Kyamara ta tsaya a kan hannun tsohon yana tauna ganye yana manna wa raunin, sannan ya kawo ruwa a ƙwarya ya nuna masa gabas don ya yi salla. Mun saba a finafinanmu Bamaguje ya fito da tulun burkutu a yi masa dariya. Wannan manomi ne mai gida da iyali, haraji ya dame shi kamar kowa, kuma har fim ya ƙare da mutuncinsa. Wallahi na ji daɗin wannan ƙwarai.

Akwai wani Bafulatani ma a fim ɗin, kuma an ba shi baki. Ƙorafinsa jangali ne, kuma haka abin yake, don sai a 1979 Balarabe Musa ya soke haraji da jangali, lokacin Katsina na cikin jihar Kaduna. 'Yan NPC ba a mai da su duka azzalumai ba. Akwai dogarin da ya ƙi ɗaga bulala ya rasa aikinsa. Buzu da Bayerabe kuwa wucewa kawai suke yi ta bayan fage.

Inda raina ya ɓaci shi ne mata. Uwar yaron kuka take yi daga kashi na farko zuwa na ƙarshe, budurwarsa kuma tana zaune tana jira. Shi ke nan. Alhali a waɗannan shekarun ne Hajiya Gambo Sawaba ke jagorantar matan NEPU, tana hawa mumbari, ana dukanta ana ɗaure ta, tana fitowa tana komawa. Matan Kudu sun jefa ƙuri'a a 1959, matan Arewa ba a ba su wannan dama ba sai 1976, amma hakan bai hana su shiga siyasa ba. Kakata ta sha ba mu labarin matan da ke kai saƙon jam'iyya gida gida cikin tallar fura, da masu dafa wa fursunoni abinci suna sane da abin da zai iya biyo baya. Matar da aka kashe wa miji a wancan zamani tana da abin yi ban da kuka, kuma marubutan nan da sun zauna da tsofaffin Ƙofar Guga ko 'Yantaba da sun ji.

Ku nema ku kalla, amma a kawar da yara a kashi biyun ƙarshe, akwai jini sosai. Ga masu fim ɗin kuma, in za ku yi zango na biyu, don Allah a saka mace cikin marubutan.